Adashin Maki a Arlit

Arlit ba ta yi mini maraba ba, ni ma ban yi mata ba. Motar da ta kwaso mu daga Agadas ta zubar da mu a tasha da rana tsaka, ƙafafuna sun kumbura, bakina ya bushe kamar na mai azumi, ga jakar kayan aiki a kafaɗa. Ni mai gyaran firji ne, a Katsina na koya. Wani ɗan kwangila ne ya aika a nemo masa mai wannan sana'ar, ya riƙa kula da ɗakunan sanyin da ake ajiye nama da kifin ma'aikatan ma'adinai. Aka ce da na sauka zan tarar da mai jirana. Na kuwa tarar, sai dai ba wanda aka aiko ba ne. Wani dogo ne mai farar riga, ya kira ni ɗan'uwa, ya ce shi ma jinin Katsina ne ta wajen uwa. Ya karɓi kuɗin ɗaki, ya ce in jira shi a wata rumfa ya je ya ɗauko makulli. Har yau yana can yana ɗauko makullin nan.

A rumfar akwai wani tsohon tela yana taka keke, bai ko kalle ni ba. Sai da la'asar ta yi sanyi ya cire tabarau ya ce, "Yaro, wa kake jira?"

Na faɗa masa.

"Mai farar riga? To Allah ya mayar maka da alheri, ba kai ne farau ba." Ya fara naɗe yadi. "Tashi ka ɗaukar mini kan keken nan, bayana ba ya son nauyi."

Na ɗauka ina ƙunƙuni a zuci, wato an cuce ni kuma an mayar da ni ɗan dako. Ashe gida yake kai ni. Sunansa Baba Ilu, mutumin wani ƙauye ne a gefen Daura, ya zo Arlit tun gemunsa na baƙi. Ɗaki ɗaya suke haya su uku: shi, da Hamisu, wani Bakano mai sayar da wayoyi da caja, da Iliya, Kirista ne mutumin Maraɗi, mai walda. A bango akwai ƙusoshi uku, kowa da inda yake rataye rigarsa. Baba Ilu ya laluba aljihu, ya fito da ƙusa, ya sa Iliya ya kafa ta huɗu. Babu wanda ya tambaye ni ko zan zauna.

Ban san kewa ba sai a garin nan. Ka fito da safe ka duba gabas ka duba yamma, ba itace ba tsuntsu, sai tarin duwatsun da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa da manyan motoci shaƙe da mutane masu nufin Aljeriya. Hausa ake yi ko'ina, amma da na buɗe baki sai a yi dariya. Na ce likita, su ce lokotoro. Na ce tikiti, su ce biye. Na baro matata Hadiza da goyon 'yarmu Ummi, ko zama ba ta fara ba. In abin ya taso mini, ɗakin sanyi nake shiga in ja ƙofa, in tsaya tsakanin cinyoyin shanu in yi kukana, don can ne na san ba mai shigowa. In na fito da jan ido sai in ce sanyi ne.

Hanyar gida kuwa, wanda bai bi ta ba ba zai gane ba. Sunanta kwalta, amma ramuka sun cinye ta, abin da ya rage ma gara babu, don bakinsa kaifi ne. Daga Arlit zuwa Agadas kaɗai sai mutum ya ji ƙashinsa na magana, sannan ga doguwar, daga Agadas zuwa Damagaram, kafin a ce iyaka. Hutun da uban gidana ke bayarwa kuwa gajere ne, rabinsa hanya za ta ci, rabi kuma ka yi jinyar hanya. Don haka mutane sukan yi shekaru ba su leƙa gida ba, ba don sun manta ba.

Ta banki ake biyan mu albashi. Wata rana na je karɓa, ma'aikaciyar da ke kula da mu, Madam Ramatu, mai kiran kowane namiji Mushe, wato Malam da Faransanci, ta ce, "Mushe Rabi'u, tunda kuɗinka na shigowa kowane wata, ka cancanci karti." Ta nuna mini shi, shuɗi, mai sheƙi. Ka sayi kaya da shi, banki ya biya, kai kuma ka mayar kafin ƙarshen wata, ba a ƙara maka komai. In ka wuce wata ne kuɗin ruwa ke hawa. Kuma duk sayayyar da ka yi ana rubuta maka maki, su puwan suke cewa. In makin ya taru sai ka musanya shi da kaya, ko da tikitin jirgin sama daga Agadas zuwa Damagaram, ga duk wanda ka ga dama.

Na koma ɗaki ina ba su labari don a yi dariya, don ni abin da nake saye a wata bai wuce shinkafa da sabulu ba, sai in tsufa maki bai kai kuɗin kabu-kabu ba. Hamisu bai yi dariya ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Kai Bakatsine, Allah ya ba ka rijiya kana wasa da guga. Ni fa duk wata ina odar wayoyi daga Yamai. Iliya na odar ƙarfe. Kai kana sayo wa uban gidanka kwampireso da gas ya mayar maka da kuɗi. In duk muka bi ta kartinka fa?"

Nan adashinmu ya samo asali. Ba kuɗi muke zubawa ba, maki ne. Duk mai sayayya sai ya damƙa mini kuɗinsa a hannu, in biya da karti, ƙarshen wata in kai wa banki abinsa cif. Idan maki ya isa tikiti, mutum ɗaya ya kwasa ya je gida. Baba Ilu ya daɗe yana jujjuya kartin a hannu kafin ya yarda, kuma da sharaɗi.

"Ranar da kuɗin ruwa ya shiga cikin abin nan, ko na ƙwandala ne, ni na fita. Kun ji ko?"

Muka ce mun ji. Aka tsara: Baba ne farko don girmansa, sai Hamisu, sai Iliya, ni na ce a bar ni ƙarshe tunda karti a hannuna yake. Na faɗa ne don a ce ina da kirki, kuma an ce ɗin. Daga ranar suka laƙaba mini uwar adashi. Hamisu har ɗankwali ya sayo mini, ya ce uwar adashi ba ta zama kai a buɗe. Na bi shi da takalmi har ƙofar gida.

Wallahi zamanin nan ya yi daɗi. Ko man gyaɗa ba ma saye sai a babban kantin da ke da na'urar karti, ko da ya fi tsada da ɗan abin da ba a rasa ba. Baba zai ba ni kuɗin zare da yadi a ƙulle cikin ƙyalle, ya ce, "Uwa, ga zubina." Bayan sallar magariba in buɗe waya in karanta musu inda maki ya kai, Iliya ya ɗaga hannu sama ya ce Ubangiji ya ƙara. Abin ya zama mana hira, ya zama mana abin jira. Mutum in yana da abin jira, garin ma sai ya rage zafi.

Da maki ya cika karon farko, a makon aka bugo wa Hamisu cewa an yi wa matarsa aiki wajen haihuwa, tana kwance. Baba bai bari ya roƙa ba. Ya ce, "Ɗauki nawa, ni ina zan je da sauri?" Hamisu ya rungume shi yana hawaye yana rantsuwa cewa zai dawo kafin wata ya mutu. Ya aiko mana da hoton gajimare ta tagar jirgi. Daga baya ya aiko da hoton jariri. Daga nan lambarsa ta daina shiga. Wani direba ya ce ya gan shi a Kano, ya buɗe shago, ya yi ƙiba. Ya ci ya goge baki kenan. Ni na yi ta zage-zage, Baba ya ce in bari, jaririn dai ya ga ubansa.

Muka koma mu uku, zubi ya ragu, don Hamisu ne mai babbar oda. Muna cikin lallaɓawa aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, a gefen gari. Kafin ka ce me, gari ya fara zubewa. Ka wuce layin da ka sani cike da yara, ka tarar gidaje a buɗe, har ƙyauren an ɓalle an tafi da shi. Iliya da ke samun aikinsa a can ya zauna makonni bai kunna injin walda ba. Ya ce zai koma Maraɗi gaba ɗaya. A lokacin maki ya sake cika, kuma kowa ya san na Baba ne.

Baba ya ce a ba Iliya.

Na miƙe tsaye. "Haba Baba! Adashi muke yi ko sadaka? Sau biyu kenan!"

"Zauna, Rabe. Yaron nan ya taɓa fashin zubi?"

"Bai taɓa ba."

"To in ya tafi bai kwasa ba, kuma ba dawowa zai yi ba, haƙƙinsa a wuyan wa? Ni ina nan, kai kana nan. Namu zai zo."

Iliya ya ƙi, Baba ya rantse masa. Kafin ya tafi ya kunna injinsa karo na ƙarshe, ya haɗa wa Baba kujerar ƙarfe mai majingina daidai bayansa, ya naɗe ta da tsumma. Ya bar mana tukunyarsa da bokiti. Na raka shi tasha, na dawo na tarar Baba ya rataye hularsa a ƙusar Iliya don kada bangon ya yi fili da yawa.

Daga nan maki ya koma tafiyar hawainiya. Aikina ma ya ragu, ɗakunan sanyi da yawa an kashe su, albashi ya koma rabi, shi ma sai an ja rai. Abin da ya samu in tura wa Hadiza, in bar mana na tuwo. Ciwon bayan Baba kuma ya tsananta. Da farko keke ya daina takawa, ya koma ɗinkin hannu a kan kujerar Iliya. Daga baya zaman ma ya gagara. Na kai shi asibiti a amalanke. Lokotoro ya ɗauki hoto, ya ja ni gefe ya ce ƙashin bayan ya cinye, abin da ya riƙe shi kaɗan ne. Girgiza mai ƙarfi guda ɗaya na iya kashe masa ƙafafu, ko ta fi haka. Ya ce in akwai inda za a kai shi a kai shi, amma kada a wahalar da shi a hanya.

Ban gaya wa Baba ba, amma tsoho ba yaro ba ne. Wata safiya ina shafa masa man zafi, fuskarsa na kallon bango, ya ce, "Rabe."

"Na'am, Baba."

"Ba mutuwa nake tsoro ba. Ina so ne in mutu inda aka san sunan ubana. Nan in na faɗi, cewa za a yi telan tasha ya rasu."

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya ta rage masa a ƙauye, Asabe, ita ma har ta aurar da 'ya. Na ce masa in Allah ya yarda jirgi zai hau. Guntun hanyar zuwa Agadas mu bi shi a hankali, doguwar kuwa ya tsallake ta ta sama, mijin Asabe ya tarbe shi a Damagaram.

Na zubar da kunya na shiga kasuwa. Duk ɗan kasuwar da na ji zai yi oda sai in je in durƙusa: "Alhaji, don Allah ba ni kuɗin in biya maka da karti, ko sisi ba zan ci ba." Wasu su ce ɗan damfara ne. Wani ya ce in ba riba nake ci ba me ya sa nake zufa haka? Wasu kuma suka yarda, don sun san Baba. Har yara suka riƙa bina suna Mai-karti, Mai-karti. Ban damu ba. Ranar da na buɗe waya na ga maki ya cika, sai da na yi sujada a tsakar gida. Na manta ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Washegari saƙo ya shigo daga banki, dogo, da Faransanci. Ni Faransancina bai wuce gaisuwa da sunan kayan aiki ba, na ɗauka barka suke yi mini. Na sa riga mai kyau na tafi da takardun Baba a aljihu.

Madam Ramatu ta karanta, ba ta ɗago da wuri ba.

"Mushe Rabi'u, an canza tsarin puwan. Daga ƙarshen watan nan darajarsa za ta ragu sosai. Abin da ke sayen biye yau, gobe ko rabi ba zai saya ba."

"To ai ba mu kai ƙarshen wata ba. Yanka mini yanzu, ga takardun tsohon."

"Nan matsala ta biyu take." Ta juyo mini da na'urarta kamar zan iya karantawa. "Biye yanzu sai da sunan mai karti kaɗai. Wannan dokar ta riga ta fara aiki."

Na ce, "Madam, a garinmu ba a canza mudu bayan an auna hatsi. Kun ce ga duk wanda na ga dama. Ke kika faɗa mini da bakinki, a kujerar nan!"

"Na faɗa. A lokacin haka ne. Amma a takardar da ka sa wa hannu an rubuta suna iya canzawa."

Na yi faɗa har mai gadi ya leƙo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita ma daga sama aka aiko mata, kuma tun safe take shan zagi. Ta zayyana mini abin da ya rage. Ko in karɓi tikiti da sunana kafin wata ya ƙare. Ko in zaɓi kaya daga ɗan littafinsu. Ko in bar makin ya narke. Ko kuma, ta rage murya, in sayi tikitin tsohon da karti bashi, in riƙa biya kaɗan-kaɗan da abin da zai hau kai.

Wannan na ƙarshen na riƙe na koma gida da shi. Na zauna kusa da tabarmar Baba na kwashe komai na faɗa masa, na ƙare da maganar bashin ina sassauta ta, na ce ai ni zan biya, ba shi ba.

Ya ce, "Me na ce muku ranar farko?"

"Baba, lalura ce."

"Lalurar wa? Na shekara nawa ina taka keke ban ci na ruwa ba, sai yanzu da ƙafata ɗaya ke cikin kabari za ka ɗora ni a kan bashin ruwa ka kai ni gida? A'a. Kai dai karɓi tikitin ka je ka ga 'yarka. Karti naka ne, suna naka ne. Allah ne ya ce kwasar taka ce."

"Wallahi kai tsohon nan taurin kai gare ka!"

"Na gode. A wajen ubana na gada."

Na fita na bar shi, ranar ko abinci ban ci tare da shi ba. Kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta so tikitin nan. Ummi ta iya magana a waya, ta iya cewa, "Abba, yaushe za ka zo?" ba ta san fuskar wanda take tambaya ba. Na ce wa kaina ai ba ni na canza doka ba. Na ce ai shi da kansa ya yafe. Da wannan niyyar na koma banki.

Na tarar da layi. Ina zaune na ɗauki ɗan littafin kayan nasu ina buɗawa don kashe lokaci: butar lantarki, fanka, talabijin, agogo. A shafin ƙarshe ga katifa, mai kauri, irin wadda ake yi don masu ciwon baya. Na tsaya a kanta. Mu masu gyaran firji, in za mu aika kwampireso ta wannan hanyar, ba ma ɗora shi a kan ƙarfen mota. Soso muke shimfiɗawa mai kauri, mu tare shi ta ko'ina, mu ɗaure, sai ya isa lafiya ko digon mai bai zuba ba. Na ce to, Baba ai bai fi kwampireso nauyi ba yanzu.

Da layi ya zo kaina na ɗora yatsa a kan hoton. Madam Ramatu ta kalle ni. "Mushe, ka tabbata? Puwan ɗinka duka zai tafi. Wahalar shekarun nan, katifa?"

Na ce ta rubuta kafin in canza ra'ayi. Ta rubuta. Ta kuma yi mini abin da ba aikinta ba, ta yi ta buga waya Yamai har aka saka katifar a motar farko mai tahowa.

Akwai wani Buzu, Agali, direban da ke ɗauko wa uban gidana kaya daga Damagaram da a-kori-kura, yakan gangara kudu ba kaya. Na same shi na yi masa bayani, na tambayi kuɗin mota. Ya gyara rawani ya ce da irin Hausarsa, "Tsoho tela? Shi ya ɗinka tampol na mota, ya ɗinka rigar uwata, uwata ya ji daɗi. Kuɗi babu. Kai ka sayi sukari da shayi." Ya kafa sanduna a bayan motar ya yi rumfa da tampol ɗin. Muka shimfiɗa katifa, muka kwantar da Baba, na tare shi hagu da dama da buhunan ƙyallayensa, na ɗaure da rawani a ƙirji da cinya. Ya ce, "Rabe, likkafani kawai ya rage." Na ce ya rufe mini baki.

Agali bai bi kwalta ba. Ya rage iskar taya ya sauka gefe, ya bi rairayi inda ya fi laushi, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Motoci na wuce mu suna mana hon. Ni ina baya a tsugune, hannuna ɗaya a ƙarfe, ɗaya a ƙirjin Baba. Duk da haka akwai wuraren da ba makawa sai an hau dutse. A nan sai in ga ya cusa hularsa a baki ya cije, zufa na tsiyaya ta kunnensa. In mun wuce sai in matsa babban yatsan ƙafarsa in ce, "Ka ji?" Ya ce, "Na ji, kuma ka yanke farcenka." Wajen mararrabar Cirozerin muka tsaya ƙarƙashin turakun wuta, Agali ya dafa shayi, ya tallafi kan Baba da hannunsa ya ba shi.

A Agadas muka huta a gidan wani ɗan'uwan Agali. Da hantsi muna shirin tashi sai ga ƙara a sama. Baba ya ce in ɗage tampol. Jirgin ne, ya tashi ya karkata kudu, rana na walƙiya a jikinsa. Muka bi shi da ido har ya ɓace.

"Wancan ne namu?"

"Shi ne, Baba."

"Af, ashe ɗan ƙarami ne. Ina mutum zai miƙe ƙafa a ciki? Gara tawa."

Na yi dariya, sannan na zagaya bayan mota na daɗe ban dawo ba.

Doguwar hanyar ita ta kusa karya ni. Bayan Adarbisanat zazzaɓi ya kama shi, ya riƙa kirana da sunan wani ƙanensa da ya rasu tun suna yara. Wata Bafulatana mai tallan cuku ta leƙo ta gan shi, ta koma rugarsu da gudu ta kawo madara mai ɗumi, ta ƙi karɓar komai. Na yi ta ɗiga masa a baki. A wani rami da ruwa ya rufe, motar ta faɗa ta yi tsalle, Baba ya yi ƙarar da ban taɓa jin irinta ba. Agali ya tsaya ya fito yana salati. Na kama yatsan na matsa. Shiru. Na sake matsawa da ƙarfi, ina kiran sunan Allah. Can ya buɗe ido ya ce, "Za ka cire shi ne?"

Damina ce. Da muka doshi Tanut ƙasa ta fara canza launi, iska ta kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba ya shaƙa ya ce, "Ɗaga ni in ga gero." Na ce lokotoro ya hana. Ya ce lokotoro ba ya nan. Na tallafo kansa kaɗan. Gero ne kore shar har iyakar gani, da mata a duƙe suna cira. Hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga kunne.

A Damagaram mijin Asabe na jiran mu da wata motar haya da aka cire wa kujeru. Muka ɗauke Baba da katifarsa gaba ɗaya muka zura. Agali ya riƙe hannunsa ya daɗe, sannan ya ja rawani ya rufe fuska. Muka tsallake iyaka, muka bar kwalta, muka shiga burtali. Da muka tsaya a ƙofar gidan, mutane suka taru suna kallon baƙon da ba su sani ba. Yawancinsu bayan tafiyarsa aka haife su. Sai wani tsoho ya dogaro sanda ya leƙa cikin motar, ya ƙura ido.

"Kai! Wannan ba Ilu ba ne? Ilu na Tanko maƙeri?"

Baba ya juyo ya kalle ni. "Ka ji ko, Rabe?"

Na ce na ji.

Hutuna hanya ta riga ta cinye shi. Na ratsa Katsina na kwana biyu. Ummi ta ɓuya bayan uwarta, sai ranar da zan tafi ta yarda na ɗauke ta. Na so in zauna, amma tukunyar gidan daga Arlit ake hura mata wuta. Na koma ta hanyar da na sani, a zaune kan buhu, ba katifa ba rumfa.

Ɗakin ya yi mini girma. Ƙusoshi huɗu, riga ɗaya. In na dawo aiki sai in yi sallama da ƙarfi, don na saba, kujerar Iliya ce kawai ke kallona. Banki suka ci gaba da aiko mini saƙo wai sabon tsari mai garaɓasa. Na ɗauki almakashin da Baba ya bari na raba kartin biyu.

Bayan an yi girbi Asabe ta bugo. Ta ce Baba ya cika da safe, a ɗakinsa, an yi masa sallah a ƙofar gidan ubansa, mutane har daga ƙauyukan kewaye. Na yi mata gaisuwa, na kashe waya, na tafi ɗakin sanyi na ja ƙofa.

Ba a yi wata ba, ina zaune a tsakar gida ina wanke hannu, na ji hon a waje. Agali ne. A saman kayansa ga wani abu a naɗe, an ɗaure da igiya, an rufa masa tsohon zane. Ya sauke shi ya jingina da bango.

"Mijin 'yar tsoho ya kawo tasha. Ya ce tsoho ya bar magana."

"Wace magana?"

"Ya ce a mayar wa uwar adashi. Kowa ya kwasa, shi kaɗai bai kwasa ba."

Na shigar da ita ɗaki na kwance igiyar. Katifar ta baje a ƙasa. A gefe ɗaya ta lotsa daidai tsawon mutum, inda ya kwanta watannin nan. Na yi ta juya ta, na shanya ta a rana, lotsawar ba ta tashi ba. A ɗaya gefen nake kwana.